Kwantum ɗin da anka duba Inna da shi, da kwantum na gaskiya

Ranar Asabar da ta wuce na je gaida Inna a Mabera, ko zama ban gama yi ba ta jawo wata takarda daga ƙarƙashin matashi ta miƙo min, shafi ya kai goma duk Turanci da zane-zane ja da kore. Ta ce "ɗan nan karanta mani wagga takarda, an ce hantata ta taɓu, ƙoda ma ba lahiya, jinina kuma wai ya yi kauri." Na ce Inna wane asibiti kika je? Ta ce ai ba asibiti ba ne, wasu samari ne sunka zo unguwa da kwamfuta, za ka riƙe wani ƙarfe kamar alƙalami na minti ɗaya sai injin ya zayyano duk cutar da ke jikinka, kuma sunan injin kwantum. Ta biya kuɗin dubawa, sannan anka rubuta mata magunguna na roba-roba da kuɗinsu ya fi ribar furar da take samu a wata guda, har ta fara tunanin saida akuyarta.

Wallahi raina ya ɓaci sosai, ba da ita ba, ita tsoro anka ba ta. Abin da ya ƙona min rai shi ne sunan da anka yi amfani da shi. Ni fiziks na karanta a jami'ar Usmanu Danfodiyo, yanzu haɗa sola nake yi gida-gida, kuma a duk abin da anka koya mana ba darasin da ya shiga raina kamar kwantum, sai ga shi an ɗauko sunan an liƙa ma wani akwati ana firgita tsofaffi da shi. Tun ranar nake son in zauna in rubuta mi ne ne kwantum ɗin na gaskiya da Hausa, yadda ƙanena da ke aji biyar a sakandare zai karanta ya gane.

Kalmar kanta daga Latin ta fito, ma'anarta "nawa ne", wato adadi ko kaso. Labarin kuma daga wuta ya faro, irin wutar da na tashi ina gani.

Kawuna maƙeri ne a Maƙera Assada, ina yaro ni ke ja mai zugazugi in an tashi makarantar allo. Kawu bai taɓa riƙe ma'aunin zafi ba amma idonshi ma'auni ne, zai cusa ƙarfe cikin gawayi da awartaki ya tsaya yana kallo, da fari baƙi ne ba ka ganin komai sai dai hucin da ke bugun fuskarka, can sai ya fara ja mai duhu, sai ja-wur, sai ruwan lemu, sai rawaya yana neman komawa fari, a nan ne yake cewa "to ya nuna, miƙo masaba." Jan farko yana bayyana ne in ƙarfe ya haura digiri 500, ruwan lemu wajen digiri 1,000, fari kuwa sai an wuce 1,300. Kuma launin ba ruwanshi da irin abin da ka sa a wutar, ƙarfe ne ko dutse ko kaskon tukunya, in zafinsu ɗaya launinsu kusan ɗaya ne, ita kanta rana da samanta ke da zafin kusan digiri 5,500 wagga doka take bi.

A ƙarshen ƙarni na 19 masana a Balin ta ƙasar Jamus sun auna wannan haske da kyau, nawa ne ja, nawa ne shuɗi, a kowane zafi, sai lissafin da ake da shi ya ƙi dacewa da abin da anka auna. Tsohuwar fiziks in ka bi ta har ƙarshe ma cewa take abu mai zafi zai riƙa zubo makamashi marar iyaka ta gefen shuɗi da abin da ke gaba da shi, kenan da garwashin Kawu ya ƙone unguwar gaba ɗaya. Ranar 14 ga Disamba 1900 Max Planck ya tsaya gaban ƙungiyar masana fiziks ta Jamus ya kawo mafita, ya ce a ɗauka abu mai zafi ba ya ba da makamashi a zube kamar ruwan famfo, ƙwaya-ƙwaya yake bayarwa, wagga ƙwaya ita ake kira kwantum, kuma girman kowace ƙwaya ya danganta da saurin kaɗawar hasken. Jan haske a hankali yake kaɗawa, ƙwayarshi ƙarama ce mai araha, shuɗi da sauri yake kaɗawa, ƙwayarshi babba ce mai tsada. To wuta mai ƙaramin jari jan kawai take iya saye, in ka ƙara zuga ta jarinta ya ƙaru sai ta fara iya fitar da rawaya da kore da shuɗi, su haɗu su ba ka fari. Abin da idon Kawu ke karantawa kenan shekara da shekaru. Lissafin gajere ne, E = hf, E makamashin ƙwaya ɗaya, f saurin kaɗawar hasken, wannan h ɗin kuma ita ake kira lambar Planck, kuma ƙanƙantarta ta wuce misali, ka rubuta sifili da ɗigo, ka jera sifili 33, sannan ka sa 6626. Shi ya sa ba mu jin ƙwayoyin, kamar yadda in an tuttulo gero daga buhu za ka ga kamar ruwa ne ke zuba.

Shi Planck kanshi bai yarda ƙwayoyin na gaske ne ba, dabarar lissafi ya ɗauke su. Wanda ya ɗauki zancen da gaske shi ne Albert Einstein a 1905, lokacin yana ɗan shekara 26 yana aikin ofis a birnin Bern na Suwizalan. An riga an lura cewa in ka haska wani haske a kan ƙarfe mai tsabta, misali zinki irin wanda ake shafa ma kwanon rufi, wasu ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki da ake kira ilektron na tsalle su fita daga jikinshi, amma abin ɗaure kan shi ne jan haske komin ƙarfinshi ba ya fitar da ko ɗaya, haske mai saurin kaɗawa kuwa wanda ya wuce shuɗi, ko ɗan kaɗan ne, nan take yake fitar da su. Duk wanda ya yi jifan goruba yana yaro zai gane wanga abu, yara ɗari su taru suna watsa mata yashi har la'asar ba ta faɗowa, yaro ɗaya ya samu dutse mai nauyi ya saita sai ga ta ƙasa. Einstein ya ce haske kanshi ƙwayoyi ne, su ne daga baya anka sa ma suna foton, kuma foton ɗaya da ilektron ɗaya suke ciniki, in kuɗin bai kai ba ba ciniki ko sau nawa za a zo. Wani Ba'amurke Robert Millikan ya kwashe shekaru yana gwaji don ya nuna Einstein ya yi kuskure, a 1916 gwajin nashi ya tabbatar da lissafin Einstein daidai. Kuma a kan wannan aikin ne anka ba Einstein kyautar Nobel ta 1921.

Wannan cinikin shi ne abincina kullum. Fanel ɗin sola da nake ɗorawa kan rufin mutane silikon ne, kuma silikon na da farashinshi, foton sai ya zo da kimanin ilektron-bolt 1.1, wato ma'aunin da ake auna makamashin irin waɗannan ƙwayoyi da shi, kafin ya iya ɗaga ilektron ɗaya ya shiga waya. Wanda bai kai ba ya wuce a banza, wanda ya zo da fiye da haka kuma ba a ba shi canji, rarar zafi take zama. Dalilin da ya sa fanel na kasuwa kusan kashi 20 cikin 100 na hasken kawai yake maida wa wuta kenan, kuma tun 1961 anka lissafa cewa irin wanga fanel mai hawa ɗaya ba zai wuce kashi 30 da 'yan kai ba komin ƙwarewar kamfani. Kwastomomi da yawa suna ce min ai mu nan Sakkwato mun more tunda ranarmu ta fi ta kowa zafi, sai in ce Alhaji ba zafin yake ci ba, hasken yake ci, zafi ma rage mai ƙarfi yake. Lambar da ke rubuce bayan fanel a digiri 25 anka auna ta, a watan Afrilu kuwa da iskar gari ke haura digiri 40 fanel ɗin da ke kan kwano ya fi haka zafi nesa, shi ya sa nake dagewa a bar sarari tsakaninshi da rufi iska ta riƙa ratsawa, kuma a riƙa goge ƙurar hunturu.

Da a nan zancen ya tsaya da sauƙi, a ce haske tsakuwa ne ƙanana shi kenan. Amma tun wajen 1801 wani Baturen Ingila Thomas Young ya nuna haske igiya ne kamar igiyar ruwa. Ka je bakin gulbin Rima inda ruwa ya kwanta ka jefa duwatsu biyu lokaci ɗaya, za ka ga da'irorin sun haɗu, wani wuri tudu ya hau tudu ruwan ya ƙara tashi, wani wuri tudu ya faɗa kwari ruwan ya yi lum kamar ba abin da ya faru. Young ya bi da haske ta ƙananan tsagu biyu ya ga daidai haka a bango, layin haske, layin duhu, layin haske, layin duhu. Tsakuwa ba ta yin haka, ba yadda za a yi tsakuwa biyu su haɗu su zama babu.

Sai a 1924 wani ɗalibi Bafaranshe Louis de Broglie ya juya tambayar, ya ce in haske da munka sani igiya yana halin tsakuwa, mi zai hana ilektron da munka sani tsakuwa ya yi halin igiya? A 1927 Davisson da Germer a Amurka sunka harba ilektron kan ƙarfen nikel sunka ga hakan da idonsu. Amma gwajin da har yau in na tuna shi tsigar jikina ke tashi shi ne na Akira Tonomura da abokan aikinshi a kamfanin Hitachi na Japan a 1989. Sun riƙa sakin ilektron ɗaya bayan ɗaya, sai wannan ya isa kafin wancan ya taso, ga hanya biyu a gabanshi, ga allo a ƙarshe. Kowane ilektron in ya isa ɗigo ɗaya tak yake yi a allon, kamar tsakuwa. Na goma, na ɗari, ɗige-ɗige ne barkatai ba tsari. Da sunka kai dubbai sai ga layukan nan na Young sun fito fili, haske, duhu, haske, duhu. To da wa ya haɗu a hanya, tunda shi kaɗai ne a cikin injin? Akwai wuraren da in hanya ɗaya ce a buɗe ilektron na sauka a wurin, amma in ka buɗe ta biyu sai ya daina zuwa can kwata-kwata, ka ƙara mai ƙofa sai wuri ya haramta gare shi. Ranar da malaminmu ya zana wannan a allo ajin tsit ya yi, na fito na tako tun daga ajin har bakin titi ban san na iso ba.

Kuma in ka sa wata na'ura ta gano ta wace hanya ya bi, za ta gaya maka, dama ko hagu, amma layukan sai su ɓace, ya koma halin tsakuwa zalla. A nan ne masu bidiyo a Facebook da TikTok ke shigowa su ce wai kimiyya ta tabbatar tunaninka na canza duniya, ka yi tunanin kuɗi kuɗi su zo. Ba haka ba ne ko kaɗan. Ba idon mutum ko zuciyarshi ke ɓata layukan ba, cuɗanya da wani abu ce, ko na'ura ce, ko ƙwayar iska ce ta gifta ta taɓa shi, ko da ba kowa a ɗakin sakamakon ɗaya ne. Wannan ma shi ne dalilin da ya sa ba ka ganin akuya ta bi ƙofa biyu lokaci guda, ita kullum iska da haske da ƙasa na taɓa ta ta ko'ina.

A 1926 Erwin Schrödinger ya rubuta lissafin yadda igiyar ilektron ke tafiya, a shekarar kuma Max Born ya faɗi mi igiyar take nufi, ya ce ba ta gaya maka inda ilektron zai sauka, tana gaya maka yiwuwar saukarshi ne a kowane wuri, nan kashi kaza can kashi kaza. Lissafin na faɗin siffar da dubbai za su yi ba kuskure, amma na gaba guda ɗaya ba ya faɗin inda zai faɗa. Einstein bai ji daɗin haka ba har ya rasu a 1955, ya rubuta ma Born wasiƙa a Disambar 1926 yana cewa shi ya tabbata Ubangiji ba ya jefa dais, wato ba ya barin abu ga sa'a, sun kuma yi ta muhawara da Niels Bohr ɗan ƙasar Denmak, musamman a taron Solvay na 1927 a Brussels. Ni dai abin bai taɓa girgiza min imani ba, iyaka ce anka nuna ma lissafin ɗan Adam, kuma ba na son yadda wasu ke gaggawar jawo aya su ɗaura ma kowane sabon bincike, ko su ce ai kwantum aljanu ne, wannan rashin adalci ne ga ilimin biyu duka.

Werner Heisenberg ya ƙaro nashi a 1927, ya nuna ba zai yiwu ilektron ya kasance da takamaiman wuri da takamaiman gudu lokaci ɗaya ba, in ka matse shi a wuri ƙarami gudunshi sai ya bazu. Mutane na ɗauka raunin na'urorinmu ne, a'a, halin igiya ne. Kuma amfanin wanga abu a ƙarƙashin ƙafarka yake. Ƙwayar zarra ƙanƙanta gare ta har sai ka jera kusan miliyan goma kafin ka cika milimita ɗaya, cibiyarta na jan ilektron da ƙarfi, bisa tsohuwar fiziks da tuni ya faɗa ciki komai ya ruguje cikin ƙiftawar ido. Abin da ya hana shi ne matsewar, yana matsowa kusa gudunshi na ƙaruwa, sai ya tsaya a tsakani. Ka haɗa da dokar Wolfgang Pauli ta 1925 da ta ce ilektron biyu ba su zama a hali ɗaya, to ka samu dalilin da ya sa uwar maƙerar Kawu ke shan duka shekara arba'in ba ta lotsa ba.

Akwai kuma ratsa bango. Tunda igiya ce, in ta ci karo da shinge siriri ba ta yankewa kaf, ɗan wutsiyarta na leƙawa bayan shingen, don haka wani lokaci ƙwayar sai ta bayyana a can ɗaya gefen alhali ƙarfinta bai kai na tsallakewa ba. George Gamow ya yi amfani da wannan a 1928 ya bayyana yadda wasu ma'adanai kamar yuraniyom ke fitar da ƙwayoyi daga cibiyarsu. Rana ma da shi take ci, zafin cikinta kusan digiri miliyan 15 ne, kuma duk da haka bai isa ya sa ƙwayoyin haidirojin su yi karo su haɗe ba in ba don ratsawar nan ba. Memorin da ke cikin wayarka ma ta wannan hanyar ake cusa ilektron cikin ɗan ɗaki a kulle, shi ne hotunan bikin da ka ajiye. Zancen ƙwayoyi biyu masu ɗaurin gindi ɗaya ko da an raba su nesa, wanda Aspect da Clauser da Zeilinger sunka samu Nobel a kanshi a 2022, wannan sai wani rubutun daban, abin da zan ce kawai ba a iya aika saƙo da shi fiye da gudun haske.

To mu dawo kan akwatin samarin nan. Ƙarfen da ka riƙe a tafin hannu, iyakar abin da zai iya aunawa shi ne yadda fatarka ke wuce da lantarki, wannan kuwa gumi kaɗai na canza shi, ba ta inda labarin hanta ko ƙoda zai biyo ta nan. Lafiyar hanta da ƙoda jini ake ɗiba a kai ɗakin gwaji, a duba fitsari, in ta kama a yi hoto. Na'urar asibiti da ke aiki da kwantum da gaske akwai ta, ita ce MRI, tana amfani da halin cibiyar haidirojin da ke cikin ruwan jikinka, kuma maganaɗisunta kaɗai ya fi mota nauyi, ɗaki guda ake ware mata, ba a saka ta a jakar goyo a bi unguwa da ita. Abin da ya fi ba ni tsoro ma ba kuɗin ba ne, mai ciwon gaske ne da injin zai ce ma lafiyarshi lau ya koma gida ya kwanta.

Ranar Litinin na rufe aiki na ɗauki Inna a mashin munka je asibiti, anka ɗebi jini anka auna ta. Hanta lafiya, ƙoda lafiya, sai dai jininta ya hau sosai, abin da takarda mai shafi goma ba ta ko ambata ba, likita ya rubuta mata ƙwaya ya ce ta rage gishiri da magi ta dawo bayan sati biyu. Akuya na nan ɗaure a turkenta.

Da yamma na biya ta Maƙera Assada na ba Kawu labari, daga nan zance ya kai mu ga Planck, na ce mai jan da yake kallo ƙwaya-ƙwaya yake fitowa. Ya ajiye masaba ya dubi garwashin ya daɗe, sannan ya ce "to kai da ka yi boko, ƙwaya nawa ka hita cikin wanga ja?" Na ciro waya na buga lissafin a gabanshi, na ce Kawu jan haske na wat ɗaya kacal, kwatankwacin ƙaramar tocila, yana fitar da foton kimanin biliyan uku sau biliyan a daƙiƙa guda. Ya ce in sake faɗi, na sake. Ya girgiza kai ya ce "Allahu Akbar", ya sa awartaki ya juya galmar da ke cikin wuta, ya ce in zauna in ja mai zugazugi tunda yaron nashi ya tafi sallah.